Taƙaitaccen bayani kan kalmar 失業 da yadda ake furta ta a da

A tattaunawar da masu nazarin Sinanci suka yi game da kalmar da ke nufin rashin aikin yi, wato 失業, wadda ake furtawa shīyè a Mandarin, wato daidaitaccen Sinanci na yau, shawarar farko ita ce a raba ta gida biyu: 失 na nufin rasa abu, 業 kuma sana'a ko abin dogaro. Saboda haka a tsofaffin rubuce-rubuce ba korar ma'aikaci take nufi ba, ta fi shafar manomin da ya rasa gonarsa ko hanyar abincinsa.

Batun furuci ne ya fi ɗaukar lokaci. An gargaɗi mai koyon Sinanci kada ya ɗauka Sinawan zamanin tsohuwar daular Tang shīyè suke furta ta, domin littafin Qieyun na shekarar 601, wanda ya jera kalmomin Sinanci bisa furucinsu, ya nuna gaɓar farko tana ƙarewa da t, ta biyu kuma tana farawa da ng ta ƙare da p, kusan syit ngjaep. Mandarin ya zubar da waɗannan baƙaƙen, amma Kantonanci, Sinancin da ake yi a Hong Kong da kewaye, ya riƙe na ƙarshen a sat jip, Biyetnamanci kuma, wanda ya aro kalmar daga Sinanci, ya riƙe har da ng a thất nghiệp, wanda a ganina shi ne shaida mafi gamsarwa. Sai dai furucin na dā ƙiyasin masana ne.

An kuma ja hankalin mai karanta jaridun shekarun 1990 kada ya gauraya ta da xiàgǎng, sunan da aka ba ma'aikatan masana'antun gwamnati da aka dakatar amma ba a soke sunayensu daga jerin ma'aikata ba.