Kujerar direba mai lantarki tana rawa, wa ya taɓa fama da wannan?

Dogon_Direba:
Salam 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka taɓa fama da wannan su zo mu haɗa kai. Kujerar motata irin mai lantarkin nan ce mai madannai a gefe, kuma duk madannan suna aiki lafiya lau, gaba baya sama ƙasa babu wanda ya tsaya. Matsalar ita ce in na taka birki sai in ji kujerar ta ɗan zame gaba ta yi ƙwas, in na taka totur ta koma baya ta sake yin ƙwas. Motsin bai kai kaurin yatsa ba amma wlh ya ishe ni, musamman cikin cunkoso da ake tafiya ana tsayawa. Wani ya ce sai dai in canja ƙasan kujerar gaba ɗaya, ni kuma so nake in san takamaimai me ya lalace tukuna. Kowa ya faɗi yadda tasa ta yi da abin da aka tarar.

MamanYara:
Ɗan'uwa fara duba notocin da suka ɗaure kujerar da ƙasan mota. Tawa ta yi haka bayan an cire kujeru an wanke kafet, ashe ba a ɗaure na baya ɗaya da kyau ba. Guda huɗu ne, suna ƙarƙashin wasu murafan roba a bakin dogon da kujerar ke gudu a kai, ka tura kujera gaba can ka ga na baya, ka mayar da ita baya ka ga na gaba. Amma fa tawa a kwana take motsi, kujerar duka take karkata, ba gaba da baya irin taka ba.

TsohonBakanike:
Hajiya ta faɗi gaskiya, daga ƙasa ake farawa. Sai dai yadda ka kwatanta taka ba na zargin notin ƙasa, amma duba shi ba ya cin komai.

Ni abin da nake faɗa wa yarana kullum shi ne kada wanda ya ɗauki sufana sai ya ga motsin da idonsa. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya zauna ya taka ƙasa da ƙarfi yana tura jikinsa gaba da baya, ɗayan ya tsuguna a bakin ƙofa da tocila yana kallo. Dogon nan hawa biyu ne, na ƙasa a ɗaure yake da mota ba ya motsi, na sama shi ke tafiya da kujera. In na ƙasan ya motsa to noti ne, ko kuma ƙarfen ƙasan motar ya yi tsatsa ko ya tsage a wajen. In na ƙasa yana tsaye cak na sama yana zamewa a kansa to matsalar tana cikin abin da ke jan kujerar. In duka biyun a tsaye suke amma mazaunin yana lilo a kansu sai ka hau sama wajen hannuwan da ke ɗaga kujera. In kuma majinginar baya ce kaɗai ke wasa, giyar kwantar da ita ce ta ci. In idonka bai kama ba ka ja layi da alli ya ratsa haɗin ƙarfe biyu, a girgiza, duk inda layin ya rabu nan ne.

Naka mai gaba da baya a birki, kusan kullum wuri ɗaya ne. Kujerar lantarki ba ta da haƙoran kulle irin na mai hannu, abin da ke riƙe ta shi ne wani dogon ƙarfe mai zare a cikin dogon, da wani noti da ke zaune cikin ɗan gida, moto (ɗan injin lantarkin kujerar) na juyawa kujera na tafiya. A gefe da gefen notin nan akwai washa ta roba da ke cike gurbin, in ta ruɓe sai notin ya samu wurin kai da kawo, wannan ƙwas ɗin da kake ji shi ne yana dukan bangon gidansa. Sanannen ciwo ne, masu BMW Z3 da masu Corvette C5 na 1997 zuwa 2004 sun daɗe da saninsa, har washa ta roba mai tauri ake sayarwa musamman don shi.

Mai_Taɓe_taɓe:
Baba ya gama magana, tawa sak irin taka ce oga. Abin da ya fara nuna min ma shi ne wani baƙin ɓarɓashi a kan kafet daidai ƙarƙashin dogon, kamar an murmushe gawayi, in ka murza a yatsa sai ya yi danƙo da giris. Robar ce take zubowa. Da na buɗe gidan notin gefe ɗaya babu washa sam, ɗaya gefen kuma saura wani ɗan guntu ya manne. Na kankare, na wanke, na sa sabbi masu tauri sai da na ɗan goge su da sanfefa kafin suka shiga don so ake su shiga da ƙyar ba tare da wasa ba, na shafa giris na mayar. Shiru kake ji har yau.

Abu ɗaya dai da za ka kiyaye, dogayen ƙarafan masu zare biyu ne, hagu da dama, kuma dole notin kowanne ya koma daidai inda ka same shi. Kafin ka kwance ka manna tef a wajen ko ka ƙirga zaren da ya rage a baki, in ɗaya ya fi ɗaya gaba kujerar za ta riƙa tafiya a karkace tana cijewa, moton yana kuka, ƙarshe ka ƙona shi a banza. Kuma ka gyara duka biyun ko da ɗaya ce ta mutu, tare aka sa su tare suka tsufa.

MaiWayarin:
Dan Allah kafin kowa ya zura hannu ƙarƙashin kujera ya karanta wannan. Yawancin kujerun yanzu akwai jakar iska a gefen majingina, wasu kuma makullin bel ɗin yana da abin da ke fizge shi lokacin hatsari, soket ɗinsu galibi rawaya ne. Yadda nake yi: tun da wuta in tura kujera in kwance notocin gaba da na baya, in ɗaga ta sama yadda hannu zai shiga, sannan in kashe mota in cire kan batir na negatif, in jira 'yan mintuna yadda littafin motar ya ce, sai in zare soket. In ka fara cire batir kujera ba za ta motsa ba, noti biyu sun ɓuya maka kenan. Kada ka kunna makulli alhali soket a cire, fitilar jakar iska za ta kama a dashbod kuma a motoci da yawa ba ta mutuwa sai an sa kwamfuta an goge. Kada kuma ka sa mitar gwada wuta a wayoyin rawayan nan wai kana gwaji. Sannan lokacin da ake girgizawa ana dubawa wanda ke zaune ya ɗauke hannunsa daga madannai, moton nan ba ya sanin akwai yatsa.

BaƙonZaure:
Tawa daban ce, lilo take yi, gaba ya ɗaga baya ya sauka in na tashi mota. Na lura in na saukar da ita ƙasa can motsin yana raguwa sosai, in na ɗaga sai ya dawo. Bushin ɗin, wato zobban da ke cike ramin mahaɗar hannuwan ɗagawa, su ne suka cinye har ramin ya fara zama ƙwai-ƙwai. Wani abokina cewa ya yi in kai a ɗiga walda a wajen a huta, tunda ni kaɗai ke tuƙawa ba na canja tsayin.

TsohonBakanike:
A'a yaro, kada ka yarda. Wutar walda kusa da soso da wayoyi da jakar iska ba abin wasa ba ne, kuma zafi yana sauya ƙarfin ƙarfen, a kujeru da yawa bel ɗinka a jikin firam ɗin nan yake ɗaure, ranar hatsari shi zai riƙe ka. In bushin ne kaɗai a canja bushin. In ramin ya faɗaɗa ko ka ga tsagewa a firam to nan kam na yarda a canja ƙasan gaba ɗaya. Haka masu cusa katako ko tsumma a dogo, motsin zai ɓuya amma lalacewar tana nan tana ci. Notocin ƙasa kuma a ɗaure su da sufana mai awo gwargwadon abin da littafin ya rubuta, wasu kamfanonin ma cewa suke a sa sabbi in an kwance.

Dogon_Direba:
Na gode ƙwarai jama'a. Mun gwada da ƙanina, notocin ƙasa garau, dogon sama ne ke zamewa kuma na ɓangaren ƙofa ya fi, ga baƙin ɓarɓashin nan ma na gani. Zan nemo washa, na kuma ɗauki hoton soket ɗin kafin in taɓa komai.

Mai_Tsohuwar_Mota:
Tunda ana maganar bari in shigo da tawa. Ba rawa take ba, majinginar ce ta murɗe, in na danna kwantarwa ɓangare ɗaya ke tafiya ɗayan yana tsaye, yanzu zaune nake kafaɗa ɗaya gaba ɗaya baya, ga moton ina jin ƙararsa lafiya.

MaiWayarin:
Malam daina dannawa haka nan kada ka ƙara murɗe firam ɗin. Moto ɗaya ne ke juya ɓangarorin biyu kowanne ta wata waya mai juyawa cikin kube, irin ta sifidomitan da, bakinta mai kusurwa huɗu. In kuben ya miƙe da tsufa sai bakin wayar ya zare daga ramin giya, ɓangaren ya daina samun juyi. An san BMW E39 da E38 da wannan. Ana rage tsawon kuben kaɗan ko a canja wayar, amma kafin ka mayar ka sa bakin wayar a injin huda (diril) ka juya ɓangaren da ya tsaya a hankali har ya yi daidai da ɗan'uwansa, sannan ka haɗa.