Abin da aka tattara kan ciwon noma (gyambon da ke cin baki da fuskar yara) a zaman iyaye mata a Gombe

Shawarar da ma'aikatan lafiya suka fi nanatawa ita ce uwa ta riƙa duba bakin yaronta, musamman ɗan shekara 2 zuwa 6 da ya tashi daga ƙyanda ko yake fama da tamowa. Dasashi mai jini da warin baki da kumburin kumatu alama ce ta a garzaya asibiti a ranar. Da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki kan tsayar da ciwon. In aka yi sake, cikin kwanaki yana cin kunci har ƙashi, kuma yawancin yaran da ba a yi wa magani ba suna rasuwa. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

An gargaɗi iyaye kada su shafa toka ko su ƙona gyambon. Binciken ɗakin gwaji bai ɗora laifin kan ƙwayar cuta guda ba, taron ƙwayoyin baki ne ke samun dama idan jiki ya raunana.

Wanda fuskarsa ta riga ta lalace, Asibitin Noma na Sakkwato na yin tiyatar gyara, ana ɗauko fata daga ƙirji a rufe gurbin.