Neman shawara: zuwa kallon tsuntsaye a bakin tafkin Maga kafin bazara ta kankama

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni malamin makaranta ne a Marwa, a arewacin Kamaru, kuma ina son in kai 'ya'yana uku bakin tafkin Maga su ga tsuntsayen ruwa da idanunsu, domin babban cikinsu ya san hoton gauraka a littafi amma bai taɓa jin kukanta ba. Bara mun je a watan Afrilu da rana tsaka, ba mu ga komai ba sai balbelu a bayan shanu, yara suka dawo a galabaice. Wane lokaci ya fi dacewa, kuma ko gandun dajin Waza ya fi mana?

Amsa daga Pus:
Wa alaikumus salam, Malam. Kun makara ne bara, a wata da kuma a sa'a. Yawancin baƙin tsuntsayen da ke cika tafkin, irin su share-fage da ƙananan agwagin ruwa, daga Turai suke zuwa da kaka, su yi hunturu a nan, sannan su fara komawa cikin Maris. Ku zo tsakanin tsakiyar Fabrairu da farkon Maris, lokacin da ruwan fadamun kogin Logon ya ja baya, tsuntsaye suka taru a ɗan abin da ya rage. Ku kwana a Maga, ku yi asuba, ku hau kan madatsar da aka gina a 1979 saboda noman shinkafa na kamfanin gwamnati mai suna SEMRY, domin daga can ruwa yana gefe guda, gonaki suna ɗaya gefen. Kirinjijiya za ku fara jin fitonta tun ba ku gan ta ba, zalɓe kuwa yana tsaye cik a ruwa iya gwiwa har sai kifi ya gitta. Kada ku sa ran shamuwa, ita sai damina ta kawo kai. Idan hazo ya yi kauri, ku ɗaga tafiyar.

Amsa daga Garwa:
Ƙanena, ni abin da ya dame ni dorina ce, tun da da yara za ka je. Mu da ke bakin Binuwai mun san ta: da dare take fita kiwo, da sassafe take komawa ruwa, wato daidai lokacin da za ku fito. Kada ku tsaya tsakaninta da ruwa, kuma in ka ga turba mai faɗi ta ratsa ciyawa da ɗanyen kashi a kanta, ku koma sama. Kada ku shiga kwalekwale sai da masuncin wurin. Ka nemi aron madubin hangen nesa ko guda ɗaya ne, yara su sa tufafi masu launin ƙasa, su rage surutu.

Amsa daga Mora:
Malam, Waza ce wurin raƙumin dawa da jimina da gauraki, kuma a rani dabbobi kan taru a bakin tafkuna. Sai dai ba a shiga sai da mota da ɗan rakiya, kuma lallai ne ka tambayi hukuma halin tsaron hanya kafin ka tashi. Bana dai ku fara da Maga.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, na ji gargaɗinki, kan madatsar za mu tsaya. In Allah ya yarda, Asabar ta ƙarshe a Fabrairu za mu tashi.