Wane suna za mu ba kuɗin da gwamnati ke biyan mai kula da nasa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da nake so mu tsayar masa da suna a Hausa, wato Carer's Allowance. Kuɗi ne da gwamnatin Birtaniya ke biya ga wanda ya rage neman abincinsa don ya kula da tsoho, ko mai naƙasa, ko mai doguwar rashin lafiya, alhali babu wanda ya ɗauke shi aiki. Sharaɗinsa shi ne mai kulawar ya kai shekara 16, kuma yana shafe aƙalla awa 35 a mako a kan wannan kulawa. A Afrilun 2025 an sa kuɗin a kan fam 83.30 a mako, aka kuma ce wanda sana'arsa ke kawo masa fiye da fam 196 a mako, bayan an cire haraji da makamantansa, ba ya ciki. Ba dole sai ɗan'uwa na jini ba, maƙwabci ma yana iya karɓa.

Wani zai ce ina ruwanmu, tunda gwamnatin tarayya ba ta biyan irin wannan a Najeriya. Ruwanmu shi ne mutanen da ake magana a kansu sun cika Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Legas. Mai sayar da abinci ta kashe murhu wata da watanni saboda mahaifiyarta ta sami shanyewar ɓarin jiki. Mai tura baro ya bar kasuwa ya hau mota zuwa gida don babu mai ɗaga tsohonsa. A Arewa gida cike yake, ana karɓa-karɓa. A Legas ɗaki ɗaya ne da kuɗin haya, mutum ɗaya ke ɗaukar komai. In za mu nema musu wani abu, ko a rediyo ko a gaban hukuma, dole mu san me za mu kira shi.

Abin da ya fara zuwa bakin kusan kowa shi ne "kuɗin jinya". Ban yarda da shi ba. Duk Bahaushen da ya ji kuɗin jinya zai ɗauka kuɗin magani da gado ne, wanda ake biyan asibiti. Ga shi kuma jinya tana da fuska biyu: in an ce Malam yana jinya, sai ka tambaya shi ne a kwance ko shi ne a zaune kusa da gadon. Sannan yaron da aka haifa da naƙasa ba jinya yake ba, haka tsohuwar da ƙarfinta ya ƙare. Uwar da ke goyon ɗa mai shekara 15 ba za ta so a ce kullum ɗanta majinyaci ne ba.

"Raino" na jarirai ne, ba za a faɗe shi a kan mahaifi ba. "Mai kula" kuma ya yi faɗi, har mai kula da gidan haya yana ciki.

Wata yayarmu mai sana'a a Agege ta kawo "ɗawainiya", kuma Hajiya, a ganina ke kika faɗi daidai. Ɗawainiya ta haɗa wanka da wanki da ba da abinci a baki da tashin dare da jigilar asibiti. Ta haɗa gajiyar jiki da kuɗin da ke zurarewa. Ba ta ce wanda ake yi wa mara lafiya ne ba, kuma ba a faɗinta a kan 'yar aikin da ake biya a ƙarshen wata. Idan aka ce "ita ke ɗawainiya da Baba", kowa ya gane nauyin a kanta yake kuma babu mai biyanta. Don haka mutumin shi ne mai ɗawainiya.

Saura kuɗin. A nan ne nake so mu yi hattara, domin sunan da aka sa masa shi zai nuna ko haƙƙi ne ko alfarma. "Sadaka" da "ihsani" sun fita, don mai bayarwa yana iya fasawa gobe ba wanda zai tuhume shi. "Albashi" ya yi yawa: fam 83.30 a kan awa 35 bai kai fam 3 a awa ba, ƙasa ƙwarai da mafi ƙarancin albashin Birtaniya. "Diyya" tana kawo tunanin jini da ɓarna, kuma kula da iyaye ba ɓarna ba ce. "Tallafi" ya so ya yi, amma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kalmar ta koma nufin rabon shinkafa na rana ɗaya, wanda wani ya samu wani bai samu ba. "Alawus" kuwa mun san shi a wurin 'yan hidimar ƙasa: ba shi da yawa, amma yana da ƙa'ida da lokaci, in ya makara kana da bakin tambaya.

Tarihin kuɗin kansa ya nuna muhimmancin wannan. An fara shi a 1976, amma aka hana matan aure, a kan tunanin cewa dama suna gida, aikinsu ne. Sai a 1986, bayan hukuncin Kotun Turai, aka sa su ciki. Sunansa na farko ma a kan mara lafiyar yake, sai a 2003 aka mayar da shi kan mai kulawar. Mu ma wannan tunani yana nan: "ai 'yarsa ce, wajibinta ne." Wajibinta ne, ladanta kuma yana wurin Allah, amma lada bai hana a taimaka mata ta biya haya ba.

Shawarata ita ce mu tsaya a kan "alawus ɗin mai ɗawainiya", a taƙaice "alawus ɗin ɗawainiya". Jihar Legas tana da dokar masu buƙata ta musamman tun 2011, wadda ta kafa LASODA, hukumar kula da harkokin masu naƙasa, tarayya kuma ta sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa a Janairun 2019. Idan shugabannin al'ummarmu za su rubuta takarda ko su yi magana a taro, ga jimlar: muna neman a fara biyan alawus ɗin ɗawainiya ga masu kula da tsofaffi da masu naƙasa a gida. Iyayenmu da malamanmu na Hausa, in akwai wadda ta fi wannan zama a baki, ku kawo ta tare da dalili.