Pointa guda cikin vector biyu, wa ke da alhakin delete?

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da war haka. Daga Tawa nike, ina neman shawara ga manyanmu na C++, harshen rubuta porogaram. Kawuna mai saida kayan noma ne, taki da iri da maganin ƙwari har da buhunan albasa 'yar Galmi in lokacinta ya yi, shi ya ce in yi mishi ɗan porogaram na lissafin sito da rasit. Ina da kilas (wato tsarin abu a porogaram) mai suna Kaya, sai Taki da Iri da Albasa suna gado daga gare ta, kowane kaya ina yin shi da new (umarnin da ke kama wuri a memwar) in zuba pointarsa, wato adireshinsa a memwar, cikin jerin da ake kira vector<Kaya*> na kilas Sito, in an yi ciniki kuma sai in ɗauki pointar nan in sa ta cikin wani vector<Kaya*> na Rasit. To in Sito da Rasit duk suna delete, wato sakin wurin da new ya kama, sai porogaram ɗin ya mutu, Code::Blocks da nike rubuta kod a ciki ya nuna min lambar kuskure 0xC0000374. In na cire delete gaba ɗaya ba ya mutuwa amma memwar tana ta hawa ba ta sauka. In kuma Sito kaɗai ke delete, da an cire wani kaya aka buɗe tsohon rasit sai farashi ya fito wata lamba mai tsawo wadda ko gonar duka ba ta kai ba. Mi ya kamata in yi don Allah?

Maman Zara:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abu na farko da za ka riƙe, vector bai san komi ba game da abin da pointa ke nunawa, in ka yi clear ko erase ko vector ɗin ya mutu, adireshin kawai yake zubarwa, kayan da ka yi da new suna nan zaune. Matsalolinka ukun nan kuwa uwarsu ɗaya, ba ka yanke wa ke da kayan ba. Lambar can da ka gani ta lalacewar heap ce, wato ɓangaren memwar da new ke ɗiba, ka saki wuri ɗaya sau biyu. Farashin banzan nan kuma karatu ne daga wurin da an riga an sake shi. Mai tunkiya shi ke yanka, makiyayi kiwo kawai aka ba shi. Ka mai da Sito mai kaya da unique_ptr, pointar da ke mallakar abu ita kaɗai, vector<unique_ptr<Kaya>>, ka zuba da make_unique<Taki>(...), ka goge duk wani delete da ka rubuta da hannu, da ka yi erase shi da kanshi zai saki kayan.

Sabo Lazare:
ni dai shared_ptr nake sawa ko'ina in huta, yana ƙirga masu riƙe da abu, in na ƙarshe ya sake sai ya goge. ka sa shi a Sito da Rasit duka magana ta ƙare

Maman Zara:
Zai hana mutuwar, wannan gaskiya ne Sabo, amma ba hutu ba ne. Ran da Kaya ya riƙe Rasit da shared_ptr, Rasit ma ya riƙe Kaya, ƙirgen ba zai taɓa sauka sifili ba, sai an karya zagayen da weak_ptr, pointar da ba ta shiga ƙirgen, ga shi kuma an dawo tambayar farko ta wa ke da abin. Ni sai na ga da gaske ba a san wa zai riga wani mutuwa ba nake taɓa shi.

Tsohon Injiniya:
Yaro kafin komi, destiriktar ɗin Kaya, fonksiyon da ke tashi in an goge abu, virtual ne? In ba haka ba ko unique_ptr<Kaya> ba zai cece ka ba, goge Taki ta hanyar pointar Kaya ba tare da virtual ba abu ne da ƙa'idar harshen ba ta yi alkawarin komi a kai ba, yawanci destiriktar ɗin Taki ne ba ya tashi. Layi ɗaya ne, virtual ~Kaya() = default; Kuma kar wani ya ce maka ka yi vector<Kaya> ka huta da pointa, tunda kana da gado, in ka zuba Taki ciki za a yanke duk abin da ya ƙaru a kan Kaya. Mu da muka yi aiki kafin sigar C++11 mun sha wuya nan wurin, auto_ptr, magabacin unique_ptr, shi ne ke akwai kuma ba ya shiga vector don kwafinsa sace kayan yake, shi ya sa aka fitar da shi sam a C++17, wasu kuma ptr_vector na laburaren kod mai suna Boost suka riƙa. In ka ga auto_ptr a tsohon darasi ka wuce.

Ɗan Adar:
Na gode Baba, na sa virtual ɗin. Yaya Maman Zara na canza kamar yadda kika ce amma yanzu ya ƙi kompile, wato kod ɗin ya ƙi juyewa ya zama porogaram mai tafiya, ya ce make_unique babu shi cikin std, wurin push_back(p) kuma ya zubo min jan rubutu ya fi shafi guda, abin da na gane kawai use of deleted function

Maman Zara:
Wannan jan rubutun alheri ne, yana hana ka yin masu kaya biyu, unique_ptr ba ya kwafuwa sai dai a miƙa shi, push_back(std::move(p)), bayan nan p ya zama fanko kar ka sake amfani da shi. make_unique kuma a C++14 ya shigo, ka duba ka sa #include <memory>, sannan ka shiga saitin kompila ka kunna -std=c++14, tsofaffin MinGW, kompilar da ake aiki da ita a Windows, ba sa kunna shi da kansu. Wurin zagaye ma ka rubuta for (auto& k : kaya), in ka manta & ɗin kuskuren nan zai dawo.

Hadiza Yamai:
Ni tambaya nake da ita da ba ta shafi memwar ba. Mi ya sa ma Rasit zai riƙe pointa? Ka ce yau kawu ya saida buhun taki jikka ashirin, wata mai zuwa farashi ya tashi ya gyara a sito, duk tsofaffin rasit za su canza su nuna sabon kuɗi tunda abu guda suke kallo, ka ga rigima da mai bashi kenan, kuma shared_ptr ma bai gyara wannan ba. Rasit ya kwafi suna da farashi da adadi da lambar kaya cikin ɗan struct, wato ƙunshin bayanai wuri guda, vector<LayinRasit>, ba pointa ko ɗaya. Pointa tsirara ta get() ka bar ta ga aron ɗan lokaci, kamar fonksiyon da zai nuna kaya a allo ya gama ya dawo.

Tsohon Injiniya:
Hadiza ta fi mu gani. In kana da Linux ko WSL (Linux a cikin Windows) ka kompile da g++ -g -fsanitize=address ka yi ciniki biyu uku ka cire kaya ka buɗe tsohon rasit, zai faɗa maka layin da aka saki abu da layin da aka sake taɓa shi. Valgrind, wani kayan binciken memwar, shi ma yana yi amma ba ya tafiya kan Windows kai tsaye.

Ɗan Adar:
Ya kompile alhamdulillah, na cire taki daga sito bai mutu ba. Rasit ɗin zan sake rubuta shi da struct bayan isha'i, in na maƙale wurin lambar kaya zan turo kod ɗin ku duba min. Allah ya saka.