Wai me ake gani a jikin Shakespeare ne har yau?

Ummi_Samaru:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman mai fahimtar da ni. Ina aji ɗaya a jami'a, an ba mu Othello mu karanta, yau sati biyu kenan ina fama, Turancin nan nashi wallahi kamar wani yare daban, layi ɗaya sai na buɗe ƙamus sau uku kuma wata kalmar ma babu ita a ciki. Wai shi wane ne mutumin, kuma me ya rubuta da har shekara sama da 400 bayan mutuwarsa ake ta ɗora mana shi? Ba raini nake ba, so nake nima in ga abin da ake gani.

Malam Na-Adabi:
Wa alaikumus salam 'yata. An haife shi a 1564 a wani ƙaramin gari, Stratford, a Ingila. Babansa safar hannu ta fata yake ɗinkawa, kusan dai baduku a wajenmu. Ya yi aure yana ɗan shekara 18, bai je jami'a ba, daga baya ya tafi Landan ya shiga ƙungiyar 'yan wasa, yana fitowa a dandamali yana rubuta musu kuma yana da hannun jari a gidan wasan Globe da suka gina a 1599. Ya rasu a 1616 yana da shekara 52.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, mutumin nan ba don a zauna a aji da biro ya yi rubutunsa ba. Da rana tsaka ake wasan, tsakar gidan babu rufi, talaka ya biya penny ɗaya ya tsaya a gaban dandamali yana ciye-ciyensa, masu hali suna zaune a benci. In wasan bai kama su ba gobe ba za su dawo ba, to dole ya riƙe lebura ya riƙe mai ilimi a lokaci guda. Mata ma ba sa hawa dandamali a lokacin, yaro ne ya fito a Desdemona, matar Othello. Shi kansa bai tsaya tara wasanninsa ba, sai a 1623 abokan aikinsa biyu, Heminges da Condell, suka haɗa 36 suka buga, kusan rabinsu ba a taɓa bugawa ba kafin nan, har da Macbeth da Julius Caesar. Ba don su ba da wataƙila sun salwanta.

Don haka ajiye ƙamus tukuna. Nemi bidiyon wasan ki kalla, sannan ku haɗu ku uku ko huɗu ku raba matsayi ku karanta da ƙarfi.

Maman Hanif:
Gaskiya Malam ya faɗa. Mu ma Othello muka yi a WAEC kuma na tsane shi sai ranar da malamarmu ta sa muka yi shi a gaban aji, ni aka ba Emilia. Ƙanwata ki duba maganar hankicin nan kawai. Ɗan ƙyalle ne fa, kyautar farko da Othello ya ba matarsa Desdemona, ya faɗi ƙasa Emilia ta tsinta ta miƙa wa mijinta Iago don ta faranta masa, ba ta san me zai yi da shi ba. Shi kuma Iago da farko ko cewa bai yi matarka na cin amanarka ba, sai dai ya yi tambaya ya yi shiru, ya ce a'a bar maganar kawai, har sai da Othello da bakinsa ya roƙe shi ya faɗa. Haka aka zuga shi har ya kashe matar da yake so kamar ransa. Lokacin da na zo wajen da Emilia ta gane hannunta na ciki muryata rawa ta dinga yi da gaske, don na san gidan da irin wannan zugar ta raba, a dangina ma, wata ce ta dinga kai magana da kaɗan-kaɗan tana cewa ni dai ban ce komai ba. Aure ne na sama da shekara goma.

Ɗan Masanin Gobir:
Ni dai ina da ja. Gwani ne ban musa ba, amma mu faɗi gaskiya Turawan mulkin mallaka ne suka kawo shi cikin manhaja, da wani ne ya mulke mu da wani marubucin muke haddacewa. Kuma labaran ma yawanci ba nashi ba ne, Othello daga labarin wani ɗan Italiya mai suna Cinthio ya ɗauko, Julius Caesar daga Plutarch, wani marubucin Girka na da. Ga yadda ake zagin Othello da launin fatarsa tun fitowar farko, wannan yana ci min rai sosai. Yaranmu nawa suka san wasannin Hausa kamar yadda ake matsa musu a kan wannan?

Malam Na-Adabi:
Ɗan Masani, maganar mulkin mallaka haka take, kuma ina tare da kai a kan wasanninmu. Amma duba bakin waɗanda zagin ya fito, Iago ne kan gaba, mugun wasan. Sannan Nyerere na Tanzaniya, wanda ya jagoranci ƙasarsa ta karɓi 'yanci, da kansa ya juya Julius Caesar zuwa Swahili, a nan gida kuma Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da Twelfth Night Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Batun aron labari kuwa, a wajen Cinthio mugun nan son matar yake ta ƙi shi, dalili a fili. Shakespeare ya sa Iago yana ta canza dalili, yau an hana shi muƙami gobe yana zargin matarsa, da aka kama shi kuma ya ce ba zai ƙara magana ba.

Ummi_Samaru:
Na gode Malam, Allah Ya ƙara basira. Anti Maman Hanif jikina ya yi sanyi wallahi, yanzun nan na koma wajen hankicin na karanta da ƙarfi ni kaɗai a ɗaki kuma na gane fiye da rabi. Na yi wa ƙawayena biyu magana za mu haɗu ranar Asabar bayan la'asar. Dan Allah wanda ya san inda zan samu Daren Sha Biyu a Zariya ko Kano ya sanar da ni.