Likita ya ce yana jin ƙarin sauti a zuciyar yarona, huji ne?

Maman Abba, Rikkos:
Salam jama'a, don Allah a taimaka min da shawara. Yarona ɗan shekara 4 ya yi zazzaɓi mai zafi satin da ya wuce, na kai shi wani asibitin kuɗi, likitan ya ɗora masa abin awon nan a ƙirji ya daɗe yana saurara, sai cewa ya yi wai akwai wani shuu-shuu a tsakanin bugun zuciyar, mu je a yi eko, wato hoton zuciya, ya rubuta takarda ya kira na gaba ko tambaya bai bari na yi ba. Wallahi tun ranar ban yi barcin kirki ba, cikin dare sai in kara kunne a ƙirjinsa, ni dai dif-dif kawai nake ji. Surukata kuma ta ce sanyin Jos ne ya shige shi. Yaron ga shi nan yana ta tsalle abinsa.

Anti Nas, Bukur:
Maman Abba kwantar da hankalinki. Sautin nan ba ciwo ba ne shi kansa, ƙarar gudun jini ce, kuma yara da yawa 'yan shekara 3 zuwa 7 ana jin ta a ƙirjinsu alhali zuciyarsu ƙalau, suna girma ta ɓace. Zazzaɓi da ƙarancin jini su ke ƙara fito da ita don zuciya na aiki da sauri, shi ya sa muke yawan jin ta a masu maleriya da 'yan sikila. Abin da ke tayar mana da hankali daban ne: jariri ya riƙa haki da gumi a kan nono, ya ƙi ƙiba, leɓe ko harshe ya yi shuɗi-shuɗi, ko yaro ya riƙa durƙusawa ko suma in ya ɗan yi gudu. Amma ki yi ekon fa, kamar sikanin ɗin ciki ne, ba allura ba zafi. JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a Lamingo akwai likitocin zuciyar yara. Maganar sanyi kuwa, ki ce wa surukarki to, ki wuce.

Baban Biyu, Gangare:
Tawa 'yar hujin ne da gaske, ɗan ƙarami a bangon da ya raba ɗakunan ƙasa na zuciya, tana wata 3 aka gano. Har na fara tunanin sayar da babur saboda kuɗin aiki. Ko magani ba a ba ta ba, zuwa awo kawai muke yi, kafin ta shiga nazare ya toshe da kansa. Babba dai shi ke kai ga tiyata.

Hajiya Iya:
Ku daina raina ciwon maƙogwaro a yara 'yan 5 zuwa 15. Akwai ƙwayar cutar da in ba a kashe ta da maganin likita ba sai ta dawo da ciwon gaɓoɓi ta lalata ƙofofin zuciya. Jikata yanzu allurar fenisilin take sha duk wata, mu da muka tsaya ba ta zuma da citta.

Maman Abba, Rikkos:
Allah ya saka da alheri, Hajiya Allah ya ba ta lafiya. Anti Nas, in bari zazzaɓin ya gama sauka ne ko mu tafi haka ran Litinin?